Layin da Ke Kan Allo: Yadda Masu Kallon Ƙwallo a Yauri Suka Zama Alƙalai

Ranar Lahadi, 13 ga Fabrairun 2000, duk mai akwatin talabijin a garin Yalwa ya yi baƙi. Najeriya ce da Kamaru a wasan ƙarshe na gasar kofin Afirka, a babban filin wasa na Surulere da ke Legas. Samuel Eto'o da Patrick Mboma suka fara jefa ƙwallaye biyu a ragar Najeriya, Raphael Chukwu ya farke ɗaya kafin hutun rabin lokaci, da aka dawo kuma Jay-Jay Okocha ya farke ta biyun da wani bugu daga nesa. Ƙarin lokaci bai raba gardama ba, aka tafi bugun fanareti. Da aka zo kan Victor Ikpeba, sai ya narko ƙwallo ta daki ƙarfen sama, ta faɗo ƙasa, ta yi tsalle ta fito fili. Alƙalin wasa, Mourad Daami ɗan ƙasar Tunisiya, ya ce ba ta shiga ba. Rigobert Song ya buga ta ƙarshe, Kamaru ta tafi da kofi da ci 4 da 3.

Sai gidan talabijin ya maimaita hoton a hankali. A bayan layi ƙwallon ta sauka. Ta shiga.

Ba zafin rashin kofi kaɗai ya sa ake tuna wannan rana ba. Mutumin da ke zaune kan tabarma a bakin tafkin Kainji, ɗaruruwan kilomita daga Legas, ya fi alƙalin da ke tsaye taku kaɗan daga raga sanin abin da ya faru, kuma ya san ya fi shi sani. A tarihin kallon wasa a ƙasar Yauri wannan sabon abu ne, kuma shi ne mafarin halin da ake ciki yau, inda ɗan kallo ba ya yarda da usur sai ya ga an ja layi a kan allo.

Yauri ta daɗe da sanin gasa, ta kuma daɗe da sanin alƙalanci. Tun Birnin Yauri na cibiyar sarauta, kafin ta koma Yalwa a 1888, Gungawan da ke zaune a tsibiran kogin Kwara sun shahara da kokawa, har wani masanin al'adu ɗan Amurka, Frank Salamone, wanda ya yi bincike a yankin a farkon shekarun 1970, ya yi rubutu kan yadda kokawar ke bambanta su da maƙwabtansu. Ga dambe a lokacin kaka, ga tseren jiragen ruwa da ake yi a bikin Rigata. Abin lura a dukansu shi ne an yanka dokokinsu daidai da abin da idon mutum zai iya kamawa. Ɗan kokawa ya faɗi ko bai faɗi ba. A dambe, in hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa. A kan ruwa, kwale-kwalen da ya riga isa shi ya ci. Alƙali da 'yan kallo iri ɗayan ido suke amfani da shi, kuma sau ɗaya abin ke faruwa. Musu kam ana yin sa, wani lokaci har da zafi, amma babu mai shaidar da zai ciro daga aljihu, domin da ƙurar fili ta kwanta shaidar ta tafi. Abin da ke kashe magana shi ne girman wanda ya yanke hukunci, ko sarkin dambe, ko dattijon da jama'a suka yarda ba ya son kai.

Kallo daga nesa ya shigo ne a hankali. Da farko motar majigi ce ta zamanin Turawa, ta kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, gari ya taru da dare. Sai rediyo, wanda ya koya wa mutane bin wasan da ba sa gani, su dogara kacokan ga bakin mai sharhi. Talabijin ya fara a Ibadan a 1959, ya iso Kaduna a 1962, aka haɗe tashoshin ƙarƙashin NTA a 1977. A tsakanin nan ne ƙasar Yauri kanta ta sauya kama: an kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya shanye tsibirai da tsohuwar Busa, aka sake wa mutane kimanin 44,000 matsuguni, Gungawa da yawa suka hau tudu. Madatsar da ta tashe su ita ce ta shiga bai wa birane wutar da ke kunna akwatunan talabijin. Lokacin da Najeriya ta doke Aljeriya da ci 3 da nema ta ɗauki kofin Afirka a 1980, mafi yawan mutanen karkara da kunne suka bi wasan.

Farantin tauraron ɗan'adam ne ya sauya lissafi. Daga tsakiyar shekarun 1990 DStv ta fara kawo wasannin Turai kai tsaye, Nwankwo Kanu ya koma Arsenal a 1999, Mikel Obi ya tafi Chelsea a 2006, Ahmed Musa, tsohon ɗan Kano Pillars, ya isa Leicester a 2016. Kowane ɗayansu ya ja wa ƙungiyarsa dubban magoya baya a Arewa. Ba kowa ke iya biyan kuɗin wata ba, sai sana'ar gidan kallo ta samu: rumfar kwano, bencina a jere, allo biyu ko uku, janareta a bayan gida saboda wutar ba ta da tabbas ko a nan maƙwabtan Kainji, da baƙin allo a ƙofa wanda aka rubuta wasannin ranar da alli. A irin waɗannan rumfuna na Yalwa da Wara da Shanga ne kalmar "a dawo da ita mu gani" ta zama doka. Gani ya kori ji, in ji Hausawa, kuma samarin gidan kallo sun riƙe wannan magana da hannu biyu.

Sai dai ganin da suke yi ba tsagwaron gani ba ne, kuma asalinsa ba daga ƙwallon ƙafa yake ba. Daga Amurka ya fito. A can ne tashar CBS ta fara maimaita hoton wasa nan take, ranar 7 ga Disamban 1963, har sai da mai sharhi ya gargaɗi masu kallo cewa ba sabon ci suke gani ba. A 1998 wani kamfani mai suna Sportvision ya fito da dabarar zana layi mai launin ɗorawa a kan filin ƙwallon Amurka, layin da ke bayyana a allo amma babu shi a kan ciyawa. Shekara uku bayan haka, a 2001, kamfanin da tashar ESPN suka kai dabarar wasan besbol, suka sa mata suna K-Zone, wani akwati da ake zanawa a allo. Wanda ya fahimci wannan akwati ya fahimci duk wani layi da yake gani a gidan kallo yau, don haka yana da kyau a tsaya a kansa.

Besbol wasa ne na jifa da duka. Mai jifa yana tsaye nisan mita 18 da ɗoriya, ya wurgo ƙaramar ƙwallo mai tauri da gudun da kan kai kilomita 150 a awa, mai kulki kuma yana jiran ya make ta. A gaban mai kulkin akwai wani farin faranti a ƙasa, faɗinsa inci 17, wato santimita 43. Doka ta ce in ƙwallon ta bi ta saman farantin, tsakanin ƙasan ƙoƙon gwiwar mai kulki da wajen tsakiyar ƙirjinsa, jifa ta yi kyau, ko bai kai duka ba an rubuta masa ɗaya, in sun kai uku ya fita. In ta kauce kuma bai kai duka ba, laifin mai jifa ne, in sun kai huɗu mai kulki ya wuce kyauta. Wahalar ita ce wannan taga ba a zana ta a ko'ina ba, a iska take. Alƙali yana durƙushe a bayan mai cafewa, ƙwallon na isowa cikin ƙasa da rabin daƙiƙa, shi kuma dole ya faɗi ciki ko waje, fiye da sau ɗari a wasa guda. Abin da ESPN ta yi shi ne ta zana tagar a allo, ta sa ɗigo a inda ƙwallon ta ratsa. Daga ranar, kowane ɗan kallo a falonsa ya zama mai duba aikin alƙali.

Yaya kwamfuta ke sanin inda ƙwallon ta bi? Ana kafa kyamarori a kusurwoyi daban-daban na filin, a auna tsayuwar kowace da inda ta fuskanta. Kyamara ɗaya ba ta iya faɗin nisan abu, iyakarta ta ce yana ta wannan shiyya. Amma in masunta biyu suka tsaya a gaɓa biyu na tafki, kowanne ya nuna kwale-kwale ɗaya da yatsa, to inda layukan yatsunsu suka haɗu nan kwale-kwalen yake. Haka kyamarorin ke yi, sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. Sai kwamfuta ta tattara waɗannan ɗigogi, ta fitar da lanƙwasasshiyar hanyar da ta fi dacewa da su, ta lissafa inda hanyar ta ratsa tagar. Ma'ana, ɗigon da ke fitowa a allo ba hoton ƙwallon ba ne, sakamakon lissafi ne. Lissafin kuma yana da kyau. Tsarin PITCHf/x da aka fara gwadawa a 2006, aka sa a duk filayen babbar gasar MLB zuwa 2008, kuskurensa bai cika wuce inci guda ba. A 2017 aka koma amfani da rada, a 2020 kuma aka ɗauko Hawk-Eye mai kyamarori 12 a kowane fili, wanda kuskurensa bai kai santimita guda ba.

To ina matsalar? Tana wurin akwatin, ba wurin ƙwallon ba. Faɗin tagar ba ya canzawa, amma samanta da ƙasanta sun dogara ga jikin mai kulki da yadda yake tsayawa. Dogo da gajere ba tagarsu ɗaya ba, kuma mutum ɗaya ma yana iya ranƙwafawa yanzu ya miƙe anjima. Shekaru da dama, wani ma'aikaci ne ke zaune yana sa alamar sama da ta ƙasa da hannunsa ga kowane ɗan wasa. Layin da ya fito a allo tsaf, siriri, kamar ba hannun mutum a cikinsa, wani ne ya ƙiyasta shi da ido. Bayan haka, kyamarar da ke nuna wa masu kallo wasan ba a tsakiyar bayan mai jifa take ba, an ɗan karkatar da ita gefe don kada jikinsa ya tare hoton, saboda haka ƙwallon da ke ciki tana iya bayyana a waje. Kuma tagar da doka ta siffanta tana da zurfi, daga gaban farantin zuwa bayansa, alhali akwatin allo shafi ne guda. Ƙwallon da ke lanƙwasowa tana iya kuskure gaban tagar ta shafi bayanta.

Alƙalai da 'yan wasa ba su karɓi abin da daɗi ba. A 2003 wani shahararren mai jifa, Curt Schilling, ya farfasa ɗaya daga kyamarorin QuesTec da ake auna aikin alƙalai da su, aka ci shi tara. Duk da haka awon ya gyara alƙalan, domin bayan kowane wasa ana nuna musu inda suka kauce. Koriya ta Kudu ta miƙa wa na'ura hukuncin gaba ɗaya a 2024. Amurka ta zaɓi tsaka-tsaki: a watan Satumban 2025 aka amince cewa daga kakar 2026 alƙali zai ci gaba da yanke hukunci, amma kowace ƙungiya na da damar ƙalubale biyu, ɗan wasa ya dafa kansa, a duba na'ura. Abin da ya fi jan hankali shi ne abin da suka yi wa tagar. Sun bar maganar gwiwa da ƙirji, suka ce samanta kashi 53.5 cikin ɗari ne na tsawon ɗan wasa, ƙasanta kashi 27, a shafi guda a tsakiyar farantin. Ba na'urar ce ta gano tagar gaskiya ba. Mutane ne suka zauna suka sake yanka tagar yadda na'urar za ta iya auna ta.

Hawk-Eye ɗin nan ɗan Ingila ne. Paul Hawkins ya ƙirƙiro shi, aka fara nuna shi a wasan kurket a 2001, ya shiga tanis bayan kurakuran da aka yi wa Serena Williams a gasar Amurka ta 2004, kamfanin Sony ya saye shi a 2011. A tanis an ce matsakaicin kuskurensa milimita 3.6 ne. Wasu malamai biyu na jami'ar Cardiff, Harry Collins da Robert Evans, sun yi tambayar da ta dace a 2008: in kuskuren na'ura zai iya kai milimita uku, da wane dalili za ta nuna wa duniya cewa ƙwallo ta shafi layi da milimita ɗaya, ba tare da ta nuna shakkarta ba? Suka ba da shawarar a riƙa nuna wa masu kallo girman kuskuren tare da hoton. Gidajen talabijin ba su ɗauki shawarar ba, kuma wannan rashi ne, domin ɗan kallo ya cancanci sanin iyakar abin da ake nuna masa.

Ƙwallon ƙafa ta daɗe tana turjiya. Tun ƙwallon Geoff Hurst a wasan ƙarshe na kofin duniya na 1966 ake musu, har injiniyoyin jami'ar Oxford suka sake nazarin fim ɗin bayan shekara talatin suka ce da sauran aƙalla santimita shida kafin ta gama ƙetare layi. Sai da ƙwallon Frank Lampard ta shige ragar Jamus a fili ƙarara a Bloemfontein, ranar 27 ga Yunin 2010, alƙali bai gani ba, sannan FIFA ta sauko. A 2012 aka halatta na'urar layin raga: kyamarori bakwai a kowace raga, agogon hannun alƙali ya girgiza cikin daƙiƙa guda in ƙwallo ta shiga. A nan na'urar ta yi rawar gani, saboda tambayar mai sauƙi ce, layin a zane yake, ba ya motsi, ƙwallon kuma girmanta sananne ne. A Janairun 2019 John Stones na Manchester City ya fitar da ƙwallon Liverpool saura milimita 11 ta gama shiga, City kuma ta ɗauki kofin kakar da tazarar maki ɗaya. Magoya bayan Liverpool sun ji zafi, amma ba su ce an yi musu fashi ba. Da akwai wannan na'ura a Surulere, da an ƙirga wa Ikpeba ƙwallonsa.

Ita ma ta taɓa makancewa. Ranar 17 ga Yunin 2020 golan Aston Villa, Orjan Nyland, ya faɗa cikin ragarsa rungume da ƙwallon Sheffield United, agogon alƙali bai motsa ba. Kamfanin ya ba da haƙuri, ya ce gola da mai tsaron baya da turke sun tare kyamarorin yadda ba a taɓa gani ba a wasanni sama da 9,000. Aka tashi canjaras, Villa kuma ta tsira daga faɗuwa da maki ɗaya.

Satar gida ita ce 'yar'uwar akwatin besbol, domin layinta ma a iska yake, kuma da jikin ɗan wasa ake auna shi. Kafin a ja layi sai an amsa tambaya biyu: a wane lokaci ƙwallon ta bar ƙafar mai bayarwa, kuma wace gaɓa ce ta ɗan wasa ta fi kusa da raga? Kyamarorin da aka fara aikin VAR, wato taimaka wa alƙali da bidiyo, da su a gasar Firimiya a 2019 hoto 50 suke ɗauka a daƙiƙa. Ɗan wasan da ke gudun kilomita 30 a awa yana cin kusan santimita 17 tsakanin hoto ɗaya da na gaba, in kuma mai tsaron baya yana fitowa ta kishiyar hanya tazarar ta ƙaru. Sau da yawa ainihin lokacin bugun yana faɗawa ne tsakanin hotuna biyu, sai ma'aikaci ya zaɓi ɗaya. Zaɓinsa na iya mai da ci ya zama satar gida. Bayan ya zaɓa, sai ya sa alama da hannu a kafaɗa ko ɗan yatsan ƙafa, kwamfuta ta sauke layi zuwa ƙasa. Da haka aka soke ƙwallon Roberto Firmino a gidan Aston Villa a Nuwamban 2019, aka ce hammatarsa ta wuce. Awon da ke da shakkar tafin hannu guda ya yanke hukunci a kan faɗin yatsa.

An rage wannan giɓi a kofin duniya na Ƙatar a 2022. Kyamarori 12 a ƙarƙashin rufin fili suna bin wurare 29 a jikin kowane ɗan wasa, sau 50 a daƙiƙa, a cikin ƙwallon kuma akwai wata 'yar na'ura da ke aika saƙo sau 500 a daƙiƙa, wadda ke faɗin lokacin bugu. Ci gaba ne na gaske. Amma mutum-mutumin da ake nunawa bayan hukunci, masu santsin jiki, tsaye a bayan farin bango, zane ne da kwamfuta ta haɗa daga waɗancan wurare 29, ba hoton 'yan wasan ba. A gasar dai aka ga ɗaya gefen lamarin. Ranar 1 ga Disamba Kaoru Mitoma na Japan ya janyo ƙwallo daga bakin layi aka ci Sifaniya, Jamus ta fita daga gasar. Hoton da aka fara nunawa ya nuna ciyawa tsakanin ƙwallon da layi, gidajen kallo suka kaure da rantsuwar ta fita. Kyamarar da ke daidai kan layin ta nuna cikin ƙwallon yana leƙe a saman farin fenti. A ranar idon ɗan kallo ne ya yi kuskure, saboda kusurwar da aka ba shi.

'Yan Najeriya sun ɗanɗani VAR ta kowane gefe. A kofin duniya na Rasha a 2018 ƙwallo ta taɓa hannun Marcos Rojo a cikin da'irar Ajantina, alƙali Cüneyt Çakır ya je ya duba allo ya ce ba fanareti, Rojon kuma ya zo ya ci ƙwallon da ta kore mu. A kofin duniya na mata a Faransa a 2019 Wendie Renard ta Faransa ta buga fanareti ta daki turke, aka ce gola Chiamaka Nnadozie ta ɗaga ƙafa daga layi kafin bugu, aka sake, ta ci. A Abuja, ranar 29 ga Maris 2022, VAR ta ba Najeriya fanareti a kan Ghana, ta kuma tabbatar da soke ƙwallon Victor Osimhen, aka tashi 1 da 1, Ghana ta tafi Ƙatar. A Bouaké kuwa, ranar 7 ga Fabrairun 2024, ana tsakiyar murnar ƙwallon Najeriya ta biyu, wadda Osimhen ya ci Afirka ta Kudu, aka mayar da wasa can baya, aka soke cin, aka ba abokan hamayya fanareti. Hukuncin daidai ne, an yi ƙeta kafin cin, amma wanda ya riga ya hau kan benci yana ihu ba ya sauka da sauƙi. Najeriya ta tsallake a bugun fanareti. A yawancin waɗannan ba awo ake musu a kai ba. Hoton a fili yake, fassararsa ce ta rage ga mutum.

Mutanen Kebbi, jihar da Yauri take, suna da nasu misalin a gida. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake yi tun 1934, sikeli ne alƙali, kuma ba a musu da shi. A 2008 aka ɗora wani ƙaton kifi mai nauyin kusan kilo 66, ya rinjayi kowa, aka ba mai shi kyauta. Daga baya masunta suka yi ƙorafi, aka duba kifin, aka gano ya riga ya mutu kafin a shiga kogin Matan Fada, aka ƙwace kambun. Sikelin bai yi ƙarya ko da giram ɗaya ba. An tambaye shi nauyi ya faɗa, ba a tambaye shi daga ina kifin ya fito ba, kuma masu sana'ar ne suka gane da idonsu. Irin haka ta faru a Landan ranar 30 ga Satumban 2023: layukan sun nuna Luis Díaz na Liverpool bai yi satar gida ba a wasansu da Tottenham, amma mai kula da VAR ya zaci alƙalin fili ya riga ya ba da cin, ya ce an gama dubawa, aka ci gaba da wasa babu ƙwallon. Hukumar alƙalan Ingila ta amsa laifi, ta saki sautin maganganunsu. A Radès ta Tunisiya kuma, a wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka na 2019, 'yan Wydad suka nemi a duba ƙwallonsu da aka soke, ashe na'urar ba ta aiki, suka ƙi ci gaba da wasa, aka ba Espérance kofi.

Wanda wannan tarihi ya fi shafa ba ya Landan ko Alƙahira. Shi ne matashin da ke riƙe usur a gasar unguwanni ko ta makarantu a Yalwa, ko Wara, ko Birnin Yauri. 'Yan kallon da suka kewaye filinsa da yamma su ne waɗanda suka kwana suna ganin ana auna hammata da ɗan yatsa, kuma da ya busa satar gida za a ga yara suna zana akwati a iska da yatsunsu. Ba baƙon labari ba ne a Najeriya a ji an tare alƙali bayan tashi an yi masa duka. Masu sharhin wasanni da Hausa, a rediyo da Facebook da YouTube, suna da aiki a nan: su riƙa gaya wa jama'a cewa layin allo awo ne mai iyaka, kuma su kansu masu shi sun san haka. Tun 2021 gasar Firimiya ta ƙara kaurin layukanta, ta bar wa mai kai hari rangwamen kimanin santimita biyar, saboda ta yarda ba za ta iya rantsuwa a kan ƙasa da haka ba. A Afrilun 2025 ta ƙara sabon tsari mai kyamarori har talatin a fili guda, masu ɗaukar hoto 100 a daƙiƙa. Alƙalin Yalwa yana aiki ne a filin da ƙafafu suka share layinsa tun rabin farko, rana na dukan idonsa, masu taimaka masa kuma sau da yawa daga cikin 'yan kallo aka roƙo su, kowanne da riga a hannu a madadin tuta.